Kai Inna Tajaye a Mota Mai Ɗaki

Tun da muka dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai kawo mana ruwa ya tsaya da garwa a kafaɗa yana son ya ji ko gaskiya ne a cikin mota na tuƙa tuwo. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa na ƙara wa labarin nasa gishirin, shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya kasance. Ban tuƙa tuwo a mota ba. Kunu ne da shinkafa, sai faten wake sau ɗaya, shi ma bai nuna ba.

Innarmu 'yar Tajaye ce, wani gari a ƙasar Adar, arewa da Ƙonni. Aure ya kawo ta Sakkwato tun kafin a haifi yayana Umaru, kuma tun rasuwar iyayenta ba ta sake taka garin ba. Wanda ya rage mata shi ne ƙanenta, Kawu Mamman, wanda a da yakan zo cin rani ya sauka a zaurenmu yana tufka igiya yana sayarwa. Shekarun da aka rufe iyaka bai zo ba. Da aka buɗe kuma idonsa ya riga ya tafi. Bana da bazara wani mai fataucin albasa ya kawo saƙo cewa Kawu ya kwanta, kuma sunan Inna yake kira.

Inna na fama da fuka. Hayaƙi kaɗan sai numfashinta ya sarƙe, zafi ma haka. Likita ya ce a bar mata fanka, a yi mata sirace da ruwan zafi safe da yamma, a ba ta abinci mai laushi, a nisanta ta da murhu. Mace irin wannan ba ta shiga motar haya a matse ta tsakanin buhu da akuya.

Yaya Umaru dillalin motoci ne, yana saye a hannun Turawan da ke ratso hamada su sayar su koma gida a jirgi. A cikin abin da ya saya akwai wata mota mai ɗaki da ya karɓa wajen wasu Jamusawa, ta daɗe a ƙofar gidanmu ba mai taya ta. Cikinta akwai gado da ɗan teburi da fanka, da wata doguwar waya ja da ake jonawa a gidan mutane. Akwai murhun gas, amma bakinsa bai dace da tukunyar wajenmu ba, kuma Inna ta ce ita ba ta kwana ɗaki ɗaya da gas. Sai Yaya ya sayo resho na lantarki mai kai biyu da butar dafa ruwa. Ya ce duk inda muka sauka mu roƙi wuta, kamar yadda ake roƙon garwashi a maƙwabta. Makaranta na hutu, sai girki ya faɗo kaina.

Mun bar Sakkwato ranar Asabar da hantsi, wanda kuskure ne. Muka wuce Illela tamu ta Najeriya lafiya, muka isa shingen Nijar rana tsaka. A can idan rana ta take ma'aikata rufe buro, wato ofis, suke yi, kowa ya tafi gida ya ci ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo. Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki sai mu. Direbobi suka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin manyan motoci, ni kuma na zauna ina yi wa Inna fifita da murfin kwano.

Da aka buɗe, wani jandarma dogo ya hau motar don ya duba. Ya ga tsohuwa kwance da carbi, ya cire hula ya gaishe ta, sannan ya nemi takardarta. Inna ba ta taɓa mallakar takarda ba. Ta tashi zaune ta faɗa masa sunan ubanta da na kakanta da unguwarsu a Tajaye, da wace rijiya suke sha.

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ni ɗan Badagishiri na. Ke kin hi ni zama ɗiyar ƙasag ga. Kwanta abinki."

Mota ce ba ta wuce ba. Yaya ya baro wata takarda a aljihun rigar da ya cire a gida, kuma wanda zai iya sa hannu a ba mu izinin wucewa ba tare da ita ba sai Litinin. Aka yarda mu shiga Ƙonni mu jira.

Ƙonni da Sakkwato bakinmu ɗaya, sai dai su rabin kayan zamani da sunan Faransa suke kiransa. Wutar lantarki kuran ce, masaukin masu motoci kampama. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa na yanka dasashi, Inna ta ce a ba jaki. Naira kuwa tana tafiya a kasuwa kamar a gida.

Kampamar da muka sauka fili ne mai katanga da itatuwan dogon yaro, da ɗan shago a bakin ƙofa. Mai wurin wata mace ce kakkaura, Madam Zali, mijinta tsohon soja ne ya rasu ya bar mata. Ta zagaya motarmu ta leƙa ciki, ta ga resho, ta ɗaga shi ta juya.

"Wanga hwa?"

Na ce na girkin Inna ne.

"Malama, kuranna ba shi da yawa. Waya guda ta, kowa nan ciki ita shika sha. Ga firjina can, ƙanƙara nika saidawa. Kowa na iya mutuwa da zahi, firjin ga ba a kashe shi."

Ta kai ni bayan shago ta nuna mini wani baƙin akwati a bango, mai ɗan hannu. Idan aka yi wa wayar nauyi sai hannun ya faɗo da ƙara, wuta ta ɗauke a duk filin, sai an zo an ɗaga shi. Na tambaye ta nawa yake iya ɗauka. Ta ce ita ba ta sani ba, shi ke faɗi da kansa.

Ya faɗi kuwa. Na jona fanka lafiya. Na kunna kan resho ɗaya lafiya. Na ɗora buta don siracen yamma, sai ƙas. Rediyon shago ya yi shiru, firji ya yi shiru, daga can ƙarshen fili wani Bature ya fito da kumfar sabulu a rabin fuska. Madam Zali ta leƙo ta taga ta ƙwala kira, "Najeriya!"

Sunana ke nan har muka bar wurin. Baƙin da muka tarar su ne samarin Faransawa biyu masu jiran wanda zai sayi Fijo ɗinsu, da wasu tsofaffi mata da miji 'yan Italiya masu mota irin tamu. Dattijon yana da wani ɗan injin dafa kofi da ke jan wuta kamar dutsen guga. Sau da yawa shi ne ke kayar da hannun, amma ko ina banɗaki sai na ji an ce "Najeriya!" Har Faransawan suka koya.

Ranar Lahadi na fahimci abin. Firjin Madam ba kullum yake aiki ba. Yakan yi gurnani na ɗan lokaci, ya huta, ya sake. Idan ya huta, wayar na ɗaukar buta, muddin na kashe fanka. Idan yana gurnani, fanka da kan resho ɗaya kawai, shi ma a kan ƙaramar wuta. Sai na bar ƙofar mota a buɗe ina kasa kunne. Da ya yi shiru in ce, "Inna, haƙuri," in kashe fanka, in jona buta, Yaya ya ɗauki faifai yana yi mata fifita. Ni da dattijon Italiya muka yi yarjejeniya ba tare da kalma ɗaya ba. Idan zai dafa kofinsa sai ya tsaya a ƙofar motarsa ya ɗaga ɗan injin sama, ni kuma in ɗaga buta idan lokacina ne. Wani lokaci mu ɗaga tare, sai ya rusuna ya ba ni.

Matarsa ce ta koya mini wata dabara. Ta ga na tsaya a kan shinkafa ina jiran firji, sai ta zo ta sauke tukunyar tana cikin tafasa, ta ɗaure murfin da tsumma, ta naɗe ta cikin wani bargo mai kauri irin wanda suke shiga ciki su kwana, ta tura ƙarƙashin teburi. Ta nuna mini agogonta, ta zagaya yatsa sau ɗaya. Da na buɗe, shinkafa ta nuna luguf. Na gwada da wake washegari, wake bai yarda ba. Inna ta ci shinkafar ta ce tana warin Bature, amma ta cinye.

Tsohuwar takan zo ta zauna a bakin gadon Inna. Ita tana yarensu, Inna tana Hausa, kowace tana gyaɗa kai. Na tambayi Inna me suke cewa. Ta ce, "Ciwon gwiwa gare ta, kuma ɗanta ba ya jin magana."

Litinin aka sa wa Yaya hannu. Da za mu fita Madam Zali ta kawo ƙanƙara a leda ta ce a ɗora wa Inna a wuya. Ta ce da ni, "Najeriya, in kun komo ku sauka nan. Amma ki bar butag ga gida."

Daga Ƙonni hanyar Tajaye arewa take yi a mararrabar Tsarnawa, amma mu muka miƙe gabas zuwa Malbaza, domin ɗan Kawu, Isuhu, a can yake aiki a masana'antar suminti, kuma shi zai nuna mana hanya. Isuhu mutum ne mai shiru-shiru, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ya durƙusa ya gaida Inna ya daɗe bai ɗago ba. Da muka tambayi jikin Kawu ya ce da sauƙi, kuma a bakin mutanen can da sauƙi na iya nufin komai.

Gidansa na cikin wani layi na ɗakunan haya, kuma akwai kuran. Isuhu ya ce nan ba kampama ba ce, in jona abin da nake so. Na ɗauki maganarsa. Bayan magariba na kunna kai biyu na resho, ɗaya kunu ɗaya miya, na ƙara buta, fanka na juyawa. Ashe layin gaba ɗaya waya guda suke sha, kuma a daidai lokacin rabin unguwa na tsakar gidan maƙwabcinsa ana kallon wasan kwaikwayo a talabijin. Wuta ta ɗauke. Na ji ihun mutane kamar an ci ƙwallo.

Akwatin wutar nasu a kulle yake, mai makullin kuma ya tafi Dogarawa ɗaurin aure. Mutane suka kunna fitilun kananzir suka taho ganin motar da ta shanye musu kuran. Ba faɗa suka zo yi ba, kallo ne. Suka kewaye mu, kowa da fitilarsa, ga zafi, ga ba iska. Ina cikin ba da haƙuri na ji Inna ta fara wannan shaƙar da na sani, kamar ana busa ƙaramin sarewa a ƙirjinta.

Na ba ta maganinta. Matar Isuhu ta ruga bayan katanga ta hura gawayi don ruwan sirace. Isuhu na roƙon mutane su ja baya, suna ja suna dawowa. Inna ta riƙe gefen gado, kafaɗunta na hawa suna sauka, ba ta iya magana.

Yaya ya ce, "Rakiya, riƙe ta." Ya buɗe duk tagogi da ƙofar gefe, ya tayar da mota ya fizga. Ya manta wayar na jone a ɗakin Isuhu. Muka ji ta tsinke, wani abu ya biyo mu yana ƙara a ƙasa. Bai tsaya ba. Ya hau kwalta ya yi ta tafiya a hankali, ya kai wajen gari ya juyo, ya sake komawa, iska na ratsa motar. Ni ina zaune bayan Inna na tallafe ta. Ban san sau nawa muka yi ba. A hankali sarewar ta yi ƙasa. Can ta ce, da ƙyar, "Wai ina za mu?"

Yaya ya ce, "Babu, Inna. Shan iska mukai."

Ta ce, "Man fetur ya yi arha."

Da muka koma mai makulli ya dawo, talabijin na aiki, ruwan zafi na jira a kwano. Abin da muka ja a ƙasa kuwa soket ɗin ɗakin Isuhu ne da guntun katakon da aka kafa shi. Da safe wani mai gyaran rediyo ya ɗaure mana wayar, amma ba mu sake jona ta ko'ina ba, don daga nan babu sauran kuran a gabanmu. Na cika filas biyu da ruwan zafi, na dama kunu na naɗe a bargo.

Muka koma Tsarnawa muka yi arewa. Bayan Gidan Idar da ɗan tafiya Isuhu ya nuna wata hanya da ni ban ga alamarta ba, muka sauka daga kwalta. Ƙasar jan dutse ce da rairayi, gonaki an share ana jiran ruwa. Motar Jamusawa ta ratso hamada, amma ta kafe a wani ɗan kwari da jaki ke wucewa da kaya. Wasu manoma da ke ƙona sharar gona suka zo suka tura. Da suka ji wadda ke ciki, wani tsoho ya leƙa ya tambaye ta ko ta tuna shi. Ta ce a'a. Ya ce shi ma bai tuna ta ba, amma ya san ubanta.

Daga nan Inna ta ƙi kwanciya. Ta zauna a bakin taga tana kiran sunayen wurare, wasu Isuhu ya ce haka ne, wasu ya ce an daina kiransu haka tun kafin a haife shi.

Mun shiga Tajaye muna shirin samun mutum a shimfiɗa. Muka same shi zaune ƙarƙashin runfa, ya maƙale igiya a babban yatsan ƙafa yana tufka. Zazzaɓi ne ya kayar da shi, ya kuma tashi. Ya rame ƙwarai, idanun fari fat. Ya ji ƙarar mota da hayaniya, ya ɗaga kai.

"Wa ka zuwa?"

Inna ta sauka da kanta, ta ƙi hannuna. Ta tsaya a gabansa, numfashinta kawai ake ji.

Ya ce, "Taroro, ke ta?"

Ni da Yaya muka dubi juna. Ba mu taɓa jin wannan suna ba.

Ta ce, "Ni ta. An ce kana mutuwa."

"Na hwasa."

Ta zauna a gefen tabarmarsa. Ya lalubo hannunta ya riƙe, ya shafa har gwiwar hannu, ya ce ta tsufa. Kafin a kawo mana ruwa sun fara gardama a kan wata tsamiya da ke bayan gidan ubansu, wai wa ya ba da izinin sare ta.

Mutanen gidan sun yi abin da za su iya. Da na yi bayanin hayaƙi, matan suka kwashe duwatsun murhu suka mayar bayan rumbuna inda iska ke kaɗa shi waje. Abincinsu fura ce da rana, su ce hura, a dama ta da ruwa sosai a sha a ƙoshi, da dare tuwon gero. Ba a tambayar baƙo ko zai ci, ajiye masa ake yi a tafi. Shayi kuwa sau uku ake zubawa a ɗan ƙaramin kofi, idan ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Resho da buta na mayar cikin kwalinsu. Yara suka yi ta zuwa a nuna musu murhun da ba a sa masa itace, na nuna, ba su ga abin burgewa ba tunda bai yi komai ba.

Inna ta ce ta gama kwana cikin akwati. Aka fitar mata da gadon kara tsakar gida kusa da na Kawu. Na kwanta kusa ina sauraren ƙirjinta. Yana yin ƙara, bai fi na gida ba, bai kuma gaza ba.

Da hutun makaranta ya zo ƙarewa, Yaya ya ce gobe za mu kama hanya. Inna na tsinke wa Kawu zaren kaba, ba ta ɗago ba.

"Ku tahi. Ni sai an yi girbi."

Yaya ya ce, "Inna, ko shuka ba a yi ba."

"Na sani."

Na ce mata babu fanka a nan, babu likita sai an je Illela ta Nijar ko Badagishiri, kuma damina na zuwa da sanyin da ke tayar mata da ciwo. Na tuna mata daren Malbaza. Ta saurare ni har na gama, kamar yadda take yi idan mai talla na yabon kayansa.

Ta ce, "Malama, duk abin da kika hwaɗi gaskiya na. Wanga ba shi da mai zuba mashi ruwa a buta sai an tuna da shi. Ni kuma can me nika yi? Ina kwance ƙarƙashin fanka ina jiran ku taso aiki."

Yaya ya juya wajen Kawu ko zai sa baki. Kawu ya ce shi tun suna yara bai taɓa cin gardama da ita ba.

Na bar wa matar ƙanen Isuhu da ke zaune a gidan magungunan, na nuna mata na safe da na dare da na lokacin da abin ya tashi, na sa ta maimaita. Na bar filas ɗin biyu. Da safe Inna ta rako mu bakin ƙofar gida, iyakarta ke nan. Ta sa mana albarka a gajarce, ta ce Yaya ya riƙa cin abinci, ta ce in kwashe mata shanyar kuɓewa da ta bari a kan rufin ɗaki kafin ruwa ya sauka. Ba ta jira mun tayar da mota ba ta koma ciki, don Kawu na kira.

Muka kama hanya har muka hau kwalta. Kusa da Gidan Idar ya tsaya a gefen hanya ya fita, ya zagaya bayan mota ya daɗe. Da ya dawo fuskarsa a jiƙe, ya ce tayar baya yake dubawa. Na ce yaya take. Ya ce lafiya lau.

Muka ajiye Isuhu a Tsarnawa ya nemi motar Malbaza, mu kuma muka kwana a gida ranar.

An yi shuka yanzu, gero ya kai gwiwa. Mai albasa ya zo sau biyu. Ya ce ciwon ya tashi mata sau ɗaya da ruwan farko, aka ɗora ta a amalanke zuwa wajen likita, ta kwana biyu ta dawo. Ya ce ita ke jan Kawu zuwa bakin masallaci da sanda, tana gaba yana baya, suna tafe suna gardama. Na aika da magani da goro da zanen sanyi. Na ce ya tambaye ta ko bayan girbin mu zo da mota. Da ya dawo na tambaye shi amsa, ya ce ya faɗa mata, ta ce ta ji.